Gutsuren moɗa a kunun jariri: abin da ya faru a wata masana'antar gari a Aboabo

Hoton ya shigo wayar Gwaggona ranar wata Laraba bayan la'asar. Cokalin ba jariri abinci ne cike da kunun tom brown, a tsakiyarsa wani abu fari mai tsini kamar yankakken farce. Matar da ke sayar da kayan Gwaggo a shagonta a Nima, can Akra, ita ta turo, ta biyo da doguwar murya. Wata uwa ce ta dama wa ɗanta ɗan wata takwas, tana murza gudaji a gefen kofi sai ta ji wani ya ƙi murzuwa. Allah ya kiyaye, abin bai kai bakin yaron ba. Uwar ba ta ɗaga murya ba, ta dai naɗe shi a takarda ta kai shago, ta ce a tambayi masu yin garin ko mene ne wannan.

Ni aka kira, don ni ne ɗan gidan da ya karanta kimiyyar abinci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma a zango wanda ya yi boko a kan abu, ko ya iya ko bai iya ba, shi ake aika wa. Gwaggo ta yarda in rubuta yadda muka bi lamarin cikin wata takwas, bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na kamfaninta.

Da koko da ƙosai ta fara a bakin titi, shekaru kafin a haife ni. Daga baya masu tafiya Turai da Amurka suka riƙa roƙonta ta busar musu da ƙullun su tafi da shi, daga nan sana'ar gari ta tsiro. Yau tana da tsakar gida guda da ɗakuna huɗu a unguwar Aboabo cikin Kumasi, ma'aikata goma sha huɗu, mafi yawansu 'yan mata. Abu uku suke yi: garin koko na gero da citta da kanumfari da masoro, garin tom brown na soyayyar masara da waken suya da gyaɗa, sai yajin tsire. Kayan na da rajista da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, a ƙarƙashin tsarin lasisi mai hawa-hawa da hukumar ta ɓullo da shi a 2020 domin ƙananan masu sarrafa abinci, inda ake farawa da takarda mai ruwan hoda, a hau rawaya, a kai kore. Gwaggo tana hawa na farko, tana neman na biyu, sai ga wannan.

Neman inda ya fito

Da gutsuren ya iso a motar Akra na ɗora shi a kan rula: milimita 9 a tsawo, siriri, gefe ɗaya mai kaifi. Hukumar abinci ta Amurka tana da wani ma'auni da masu wannan aiki suke yawan kafa hujja da shi, cewa abu mai tauri ko kaifi daga milimita 7 zuwa 25 a cikin abinci haɗari ne, kuma wanda bai kai 7 ba ma haɗari ne idan abincin na jarirai ne ko tsofaffi ko waɗanda aka yi wa tiyata. Namu ya faɗa a ciki ta kowace fuska.

Kowa a gidan ya nuna injin niƙa. Baba mai injin, dattijo ne da ya shekara da shekaru a kan nikanika, ya ce, "Ɗana, abin da ya bi ta tsakanin faifan nan ba ya fita da tsini. Nemi wani wuri." Gaskiyarsa ne. Ban da haka, bayan niƙa ana tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu, na duba ta a hasken rana ban ga ɓula ba. Duk abin da ya kai milimita 9 to bayan tankaɗe ya shiga. Tsakanin rariya da leda kuwa abubuwa kaɗan ne suke taɓa gari: baho, moɗa, mazurari, sikeli, hannun mai awo.

Na sa aka fito da kowace roba da ke ɗakin awo aka jera a kan tabarma. Ashirin da bakwai muka ƙirga, kuma ba wanda ya taɓa sanin yawansu sai ranar. Akwai bahon kasuwa iri-iri, akwai tsohon bokitin fenti biyu da aka wanke, akwai rawayar jarkar man girki da ake kira galan ɗin Kufuor an yanke mata kai, akwai moɗaye shida da aka yanko daga farar jarka. A moɗa ta huɗu na ga giɓi a baki. Na kara gutsuren, ya zauna daram a gefe ɗaya na giɓin. Sai dai giɓin ya fi shi girma kusan sau uku. Wannan ne ya tsinka min zuciya, domin sauran yana wani wuri.

Dalilin karyewar ba ɓoyayye ba ne. Kullum bayan wanki ana shanya moɗayen a kan kwanon rufi, rana kuwa tana cin irin wannan roba a hankali har ta daina lanƙwasa ta koma mai ɓarewa. Mai awo kuma takan buga bakin moɗa a gefen baho don gari ya kakkaɓe, sau ɗaruruwa a yini.

Akwai dalili na biyu da ban samu ba sai a kwana na uku, bayan na kori kowa na zauna da yarinyar da ke riƙe da moɗar. Ta ga lokacin da ta ɓare. Ta tona garin da hannu ba ta samu ba, ta juya giɓin ta wajen tafinta ta ci gaba da awo. Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Yaya, Hajiya na cirewa a albashi." Dokar gidan ke nan tun zamanin teburin koko: wanda ya fasa, ya biya. Moɗar da ba ta kai kuɗin ƙosai ba ita ce ta sa yarinya ta yi shiru mako uku.

Janye kaya

Na ce wa Gwaggo sai an janye kayan daga kasuwa. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka san buhu nawa ke nan?" Ban sani ba, ita ma ba ta sani ba, kuma nan ne matsalar. A jikin leda akwai watan da aka yi da watan lalacewa, amma babu lambar zubi da za ta nuna ranar awo ko teburin da ya auna. Da akwai, aikin yini ɗaya za a nema. Da yake babu, sai duk tom brown na watan gaba ɗaya, daga Kejetia da Asawase da Tafo a Kumasi har Nima da Madina a Akra da wani shago a Tamale.

Ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Abin da ya sassauto da ita labarin kamfanin Mars ne da na ba ta. A farkon 2016 wani mai saye a Jamus ya tsinci jan gutsuren roba a cikin cakulan ɗinsu mai suna Snickers, aka bi sawu har masana'antarsu ta Veghel a Holan, kamfanin ya janye kaya daga ƙasashe 55. Ta ce ashe har manya abin na samu. Muka sanar da ofishin hukuma na Kumasi da kanmu, muka kira kowane mai shago, aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta riƙa dawo da katan-katan. Duk ledar da ta dawo an farke ta an tankaɗe a gabana. Mun samu gutsure ɗaya a kayan da suka dawo daga Madina. Da muka haɗa biyun a bakin moɗa, saura ɗan ƙaramin giɓi, kuma wannan har yau ba mu gan shi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan an riga an saye an cinye kafin mu kai.

Shuɗiyar roba ba ta aiki ita kaɗai

Ina Akra kan wani aiki Gwaggo ta kira ni da murna, wai an gama magana. Wani dillali ya kawo mata kaya daga waje: moɗaye, burushi, abin kankare baho, biro, har da filastar ɗaure yatsa, duka shuɗaye, ya ce mata roba ce da ba ta ɓuya a abinci. Ya haɗa mata da manyan bahuna shida da ya ce suna kashe ƙwayoyin cuta da kansu. Ta biya kuɗin da zai sayi irin moɗayenta na da cike da ɗaki.

Dillalin bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Roba ta gama-gari makauniyar aba ce ga na'urorin binciken abinci. Na'urar gano ƙarfe ba ta jin ta, tun da ba ta jan maganaɗisu kuma lantarki ba ya ratsa ta. Na'urar eksire ma da ƙyar take ganin ta, domin nauyin jikinta kusan ɗaya ne da na abincin da ta faɗa ciki, ita kuwa eksire bambancin nauyi take nunawa. Sai masu ƙera ta suka riƙa cuɗa ta da wasu abubuwa tun tana narke. Ana zuba mata garin ƙarfe mai laushi sosai domin na'urar gano ƙarfe ta ji ta. Ana zuba bariyom salfet, farin sinadarin nan da ake ba majinyaci ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, domin ta fito a eksire. Sannan a rina ta shuɗi, saboda abinci mai wannan launi ba shi da yawa, ido zai tsince ta a cikin gari ko nama ko ƙullu. Wata robar tana da ɗaya daga ciki, wata tana da duka ukun, kuma takardar kaya ce kaɗai ke faɗa maka.

To Gwaggo ba ta da na'ura ko ɗaya. Abin da ta saya a lokacin launi ne kawai. Na faɗa mata haka a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Wato makulli na saya ba ƙofa." Ban raina launin ba fa. A cikin farin garin koko, farin gutsure sai mai rabo, shuɗi kuwa ko daga bakin ƙofa ka hango shi. Amma launi zai samu a robar abinci mai kyau ba tare da garin ƙarfen da aka biya kuɗinsa ba.

Eksire ba ta ma shigo lissafi ba, kuɗinta ya fi ƙarfin gidan nesa. Muka nemi na'urar gano ƙarfe mai bel, ta hannu, da wani ya shigo da ita ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A cikin bakinta akwai naɗin waya uku, na tsakiya yana watsa maganaɗisu, biyun gefe suna karɓa daidai wa daida. Idan ƙarfe ya wuce sai daidaiton ya gurɓace, ƙararrawa ta buga, bel ya tsaya. Baƙin ƙarfe ya fi saurin kamuwa, sai jan ƙarfe da alminiyom, ƙarfe mara tsatsa shi ne mai wuyar sha'ani. Ta zo da sandunan gwaji uku masu ƙwallon ƙarfe a ciki, milimita 1.5 da 2 da 2.5, kuma ana bi da su ta tsakiyar bakin, inda jin na'urar ya fi rauni.

Ranar farko ta nuna mana kuskurenmu. Ledar tom brown ɗin Gwaggo irin mai ƙyalli ce mai alminiyom a ciki, wadda ta fi so don tana riƙe ƙamshi kuma tana cika ido a kanta. Kowace leda ta wuce sai ƙararrawa. Ledar kanta ƙarfe ce a wajen na'urar. Ko dai a sauya leda, ko a bincika garin kafin a zuba. Muka tsaya a tsakiya: ana auna gari a farar leda, a liƙe, a bi da ita ta na'ura, sannan a saka ta cikin mai ƙyalli. Ƙarin aiki ne da ƙarin leda, ba na jin daɗinsa, amma shi ya yiwu.

Daga nan na yi abin da ya sa Gwaggo ta riƙe baki: na ɗauki sabuwar shuɗiyar moɗa na yanyanka ta da almakashi. Ba a sanin amfanin wannan roba sai an gwada gutsattsarinta a na'urarka, a cikin garinka, domin garin ƙarfen da ke cikinta kaɗan ne, siginarta ba ta kai ta ƙarfe mai girmanta ba ko kusa. Na binne gutsattsarin a ledojin gari ina bi da su sau goma-goma. Mai faɗin milimita 5 ko fiye, da kaurin bakin moɗa, ya kamu kowane lokaci. Mai milimita 3 wani sa'in ya kamu wani sa'in ya wuce. Wani siririn ɓawo da na fere daga gefe, tsawonsa ya kusa na wanda ya je Nima, ya wuce sau huɗu cikin goma, gwargwadon yadda ya kwanta. Na rubuta wannan a takarda na manna a jikin na'urar, don kada wani ya ɗauka ta zama ido mai ganin komai.

Abin da ba mu je nema ba

Mako na biyu na'urar ta fara tsayar da leda bayan leda, har kusan rabin aikin wata safiya. Muka tankaɗe ba roba, ba ƙusa, ba komai. Da farko na zargi wuta, domin lantarkin Aboabo yana hawa yana sauka, kuma girgizar injin niƙa da ke ɗakin kusa tana bi ta ƙasa. Muka sa mata na'urar daidaita wuta, muka matsar da ita nesa da bango, kukan ƙarya ya ragu amma bai ƙare ba. Na lura ranakun da abin ya fi tsanani su ne washegarin ranar da aka wasa faifan injin.

Na aro maganaɗisu mai ƙarfi irin na niyodimiyom, na naɗe shi a farar leda na ja shi cikin baho ɗaya na gari. Ya fito da baƙin gemu. Garin ƙarfe ne da ƙananan ɓarɓashi daga faifan nikanika, waɗanda ake zubawa da narkakken ƙarfe, suna goga juna suna cinyewa. Duk wanda ya taɓa tambayar kansa ina faifan da ya sirance ya tafi, to cikin tuwonmu da kokonmu ya tafi. Baba ya daɗe yana kallon ledar. Ya ce, "Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganinsa da idona ba."

A ganina wannan shi ne babban abin da lamarin ya tono, ya fi gutsuren moɗa, domin moɗa sau ɗaya ta karye, faifai kuwa kullum yana zuba. Maganinsa kuma shi ya fi araha a duk abin da muka saya. Wani maƙeri a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, ya haɗa mana ragar sandunan maganaɗisu da gari ke zubowa ta tsakaninsu a bakin fita, ana share ta sau uku a yini a kan farar takarda. Bayan kowace wasa, Baba yana fara niƙa dusa a zubar kafin a sa hatsi. Ya kuma daina matse faifan har ƙarshe don gari ya yi laushi a zubi ɗaya, yana niƙa sau biyu. An yi odar injin buga gari na ƙarfe mara tsatsa, ana biya kaɗan-kaɗan.

Na'urar ta kusa zama abin ado a wata na huɗu. Na zo ba zata na bi da sandar milimita 1.5, ta wuce shiru. Yaron da ke kula da ita ya gaji da tsayawar bel ana jiran kaya, ya rage mata ji da kansa. Kwana shida ke nan. Duk abin da ke sito na kwanakin aka sake bi da shi. Yanzu akwai lambar sirri a kan madanninta, kuma ana gwajin sanduna uku da gutsuren shuɗiyar roba da safe, da azahar, da tashi, a rubuta a sa hannu.

Bahunan da wai ba sa son wanki

Waɗannan na bari har ƙarshe da gangan, don a kansu muka fi yin gardama. Robar da ake cewa tana kashe ƙwayoyin cuta, yawanci azurfa ce ake cusa mata a cikin wani irin garin gilas ko ƙasa, idan danshi ya taɓa saman sai ɗan ƙanƙanin azurfa ya fito ya dami bakteriyar da ta kwanta a wurin. Wasu da zinki ake yi. A da ana yawan amfani da wani sinadari, tirikulosan, wanda Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu na gida a 2016, shi ya sa na nace sai dillali ya kawo takardar abin da ke cikin namu. Azurfa ce, kuma an yarda robar ta taɓa abinci.

Inna, tsohuwar da ke kula da jiƙon gero, ita ta yi tambayar da ta fi ta kowa. Ta ce, "Ɗana, in bahon nan yana kashe ƙwayoyi, wa zai tsamar min da ƙullu?" Ta san abin da take faɗa ko da ba da sunan boko ba, domin tsamin koko aikin bakteriya ne masu amfani, dangin waɗanda ke tsamar da nono. Muka jiƙa gero a sabon baho da tsoho gefe da gefe. Washegari ƙullun duka biyu ya yi tsami ɗaya, Inna ta ɗanɗana ta kasa bambancewa. Ta yi murna. Ni kuma na ce wa Gwaggo ta duba da kyau: abin da bai iya taɓa ƙwayoyin da ke cike da baho ba, ba shi zai tsare mana abinci ba. Aikinsa a fatar roba ya tsaya.

Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali suna fitowa ne daga wani gwaji, ISO 22196, wanda asalinsa ma'aunin Japan ne. Ana ɗiga ruwan bakteriya a kan tsabtatacciyar roba, a rufe da siririyar leda, a ajiye awa 24 a zafin digiri 35 cikin danshin da bai gaza kashi 90 ba, sannan a ƙirga waɗanda suka rage. Bahon jiƙo a Aboabo bai san wannan gata ba. Da zarar ƙullu ko maiƙon gyaɗa ya shafe saman, ya shiga tsakanin azurfa da ƙwayar, gishiri da furotin kuma suna kama azurfar su kashe mata kaifi. A kan busasshen gari kuwa, inda babu danshi, kusan ba ta motsi. Ba ruwanta da afulatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wadda ko suya ba ta kawar da ita. Ba kuma za ta shiga cikin yaji ko gyaɗa ta nemo salmonela ba, alhali wannan ƙwaya tana iya yin watanni a busasshen abinci.

Ɓarnar da ta yi mana ta wajen ɗabi'a ce. 'Yan matan sun ji dillali da kunnensu, sai suka koma ɗauraye sababbin bahuna da ruwa kawai, tsofaffin ne ake dirzawa da soso da sabulu. Na shafa yatsa a kusurwar wani sabon baho na ji santsi, irin yauƙin da bakteriya ke ginawa su fake a ƙarƙashinsa. Muka goga auduga a bahuna huɗu muka kai ɗakin gwaji. Sababbin biyu da aka ɗauraye sun fi tsofaffin biyu da aka dirza ƙwayoyi, ba kaɗan ba. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Ba mu zubar da su ba, bahuna ne masu kauri da santsin jiki, ba sa tsagewa kamar na kasuwa, kuma wannan kaɗai riba ce, tun da a cikin tsaga da karce datti ke zama. Ana wanke su yadda ake wanke kowane baho, da sabulu da ruwan kulorin, a kife a kan katako a inuwa. Da Gwaggo ta tashi ƙara guda huɗu na ce ta sayi irinsu marasa azurfa, ta sa ragowar kuɗin a gwajin gyaɗa. Inda nake ganin irin wannan roba za ta iya amfani shi ne wuraren da hannu ke yawan taɓawa kuma suke zama da danshi tsakanin wanki da wanki, kamar mariƙin ƙofa da kan famfo da bel ɗin masu aikin nama da kifi. Gidan gari ba ya cikinsu.

Inda aka tsaya

Robobi ashirin da bakwai na ɗakin awo sun koma goma sha ɗaya, kowace da lamba, kowace da ƙusarta a jikin allo da aka zana siffarta. Da safe ana duba bakin kowace moɗa, da tashi ana ƙirgawa, idan ƙusa ta zama fanko ba mai fita. Bokitin fenti da galan sun koma ɗiban ruwan shara. Kowace leda tana ɗauke da lambar zubi da aka buga da hatimi, rana da tebur.

Dokar cire kuɗi a albashi ita ta fi wuyar sauyawa, ta fi na'ura, ta fi janye kaya. Gwaggo ta ce in aka daina, yara za su riƙa fasa kaya da gangan. Sai da Baba da Inna suka sa baki, Inna ta ce, "Hajiya, ni ma da ni ce da shiru zan yi." Yanzu wadda ta fasa ta faɗa nan take ba a taɓa kuɗinta, wadda ta ɓoye ce ke da laifi. A wata na bakwai wata shuɗiyar moɗa ta ɓare. Mai awo ta ɗaga hannu, aka tsayar da teburin, aka ware bahon da ledoji goma sha tara da aka riga aka liƙe. Na'ura ta kama gutsure ɗaya a leda ta goma sha biyu. Na biyun, siriri, wata yarinya ce ta hango shuɗinsa a kan rariya. Aka haɗa su a bakin moɗar, giɓin ya cike, aka ci gaba da aiki kafin la'asar.

Akwai abin da har yanzu ba mu da maganinsa sai rariya da ido: zaren buhu, gutsuren leda, tsakuwa, ƙwaryar gilas. Na'urar ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. An sa wa fitilun ɗakin awo murfi, an hana shiga da kwalba, ana kwance bakin buhu da hannu a waje maimakon yankawa da wuƙa a kan baho. Jami'an hukuma sun zo duba na hawa na biyu, sun bar mana gyara uku, biyu a kan magudanar ruwa, ɗaya a kan sakamakon gwajin afulatoksin na kowane zubin gyaɗa, wanda samfurinsa na farko ya tafi Akra makon jiya.